Kangon Kakanmu Ya Zama Jari

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan in yi muku magana a kan wani abu wanda ba ya cikin darussanmu, amma na tabbata ya shafi da yawa daga cikinmu. Galibinmu daga ƙauye muka fito, da wuya kuwa a sami wanda ba shi da wani tsohon gida can garinsu, na kaka ko na uba, wanda mutanensa suka watse, wasu sun rasu wasu sun tafi birni, aka bar shi ga jemagu da ƙadangaru. Ko wace damina sai ta ɗebi rabonta daga jikinsa, har ran da za a wayi gari a ga tulin ƙasa. Mu ma muna da irinsa a Gadau. Abin da muka yi da shi, da abin da ya ci mana, da abin da ya ke ba mu yanzu, shi na ke so in bayyana, ko wani zai ƙaru.

Gadau tana arewa da Azare, cikin ƙasar Katagum, a ƙaramar hukumar Itas/Gadau. Ba yau ta fara ganin baƙi masu littafi ba. A shekarun 1930 nan ne Turawa suka yi tashar binciken ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, har masana suka riƙa zuwa daga Ingila suna kama ƙuda suna dubawa. Da suka tashi, garin ya koma ga gero da dawa da gyaɗa da kiwo. Sa'an nan a 2011, zamanin Gwamna Isa Yuguda, aka kafa jami'ar jihar Bauchi aka sa mazauninta a Gadau, ita ce yanzu a ke kira Jami'ar Sa'adu Zungur, don tunawa da malamin nan na Bauchi wanda ya rasu a 1958. Wanda ya san labarin Samaru ta Zariya ya san abin da jami'a ta ke yi wa ƙauye. Kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru ƙaramin gari ne kusa da gonar gwaji ta gwamnati, yau kuwa kowa ya ga yadda ta zama. Inda duk aka tara ɗalibai da ma'aikata, lalle wasunsu su nemi ɗaki cikin gari, ɗaki kuwa da zarar an neme shi ya zama abin kuɗi.

Gidanmu kakana ne ya gina shi tun kafin a sami mulkin kai a 1960. Yana da zaure, da soraye shida, da rumbu biyu, da rijiya, da wata babbar darbejiya a tsakar gida. Da ya rasu a 2016 sai gidan ya zama na magada uku: Baffa, wanda ke zaune Azare yana sayar da hatsi, da Goggo, wadda mijinta ya rasu tana zaman alfarma a gidan dangin miji, da mahaifina, wanda shi ma bai daɗe ba ya bi kakan, rabonsa ya faɗo kanmu, mu da Inna. Shekara bakwai gidan yana rufe. Katangar baya ta faɗi, indararo biyu sun toshe, soro ɗaya ya fara yoyo, awakin maƙwabta suka mai da zaure wurin kwana.

A ƙarshen daminar 2023 wani dillali ya zo wa Baffa da mai saye. Ba gidan ya ke so ba, filin ya ke so, ya rushe ya zuba ɗakunan bulo. Baffa ya tara mu ya ce, "Ni dai ban ga amfanin riƙe kango ba. A sayar, kowa ya karɓi nasa ya huta." Maganarsa ba ta banza ba ce, gama ina da ƙanne biyu a makaranta, Inna kuwa da ƙyar ta ke haɗa kuɗinsu. Goggo ba ta ce kome ba, sai da aka matsa mata ta ce, "In an sayar, ni ina zan ce gidanmu?"

Na nemi izni na ce, "Baffa, a ba ni mako biyu in yi lissafi, in ya nuna sayarwa ta fi, ni zan fara sa hannu." Ya yi dariya ya ce, "To, Malam ƙarami, mu ga lissafin boko."

Abin da ya sa na nemi jinkiri shi ne halin da kuɗi ke ciki a lokacin. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kome ya tashi, a cikin 2024 kuwa hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Ma'anar wannan ga talaka ita ce, kuɗin da ya saya maka buhu huɗu bana, baɗi uku zai saya. In da an sayar an raba, rabon Goggo bai isa ya saya mata ko fili ba, namu kuwa shekara biyu ta makaranta za ta lashe shi. Kuɗin hannu kamar ƙanƙara su ke a tafi, ƙasa kuwa tana nan inda aka bar ta.

A makarantar mishan inda na yi karatu an horar da mu da abu biyu waɗanda suka yi mini rana. Na ɗaya, aikin hannu ko wace Asabar, har mutum ya iya riƙe zarto da guduma ba ya jin kunya. Na biyu, littafin shiga da fita, watau kada kwabo ya shigo ko ya fita ba a rubuta ba. Da ya ke naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai na ƙi yin lissafi da ita. Na ɗauki kuɗin hayar ɗaki ɗaya na shekara ɗaya na mai da shi mudun awo, na kira shi "ɗaki". Kuɗin da mai saye ya taya sun yi daidai da ɗaki 30. Rushewa a gina sabo da bulo zai ci wajen ɗaki 60, ba mu da shi, ba mu da mai ba mu. Gyara kuwa, yadda magini da kafinta suka ƙiyasta, ɗaki 12 ne.

In Goggo ta ɗauki soro ɗaya, saura biyar na haya. Daga biyar ɗin na ware ɗaya don gyaran shekara shekara. Na kuma ɗauka ɗaya ya tafi a banza, ko don ɗaki ya zauna ba kowa, ko don wani ya kasa biya. Saura uku. Ashe cikin shekara 4 kuɗin gyara za su dawo, cikin 10 na bayansu kuma a sami abin da mai saye ya taya, ga gida yana nan, ga Goggo a ciki. Shekara 14 ba kwana biyu ba ne, ban kuwa ɓoye wa Baffa ba. Ya dubi takarda ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Amma fa a rubuta."

Wannan kalma tasa ita ce aikin farko, tun kafin a kwaɓa ƙasa. Gidajen gado da yawa ba ruwan sama ya kashe su ba, rashin fayyace mai su ne. Ba mai zuba kuɗinsa a ginin da gobe ɗan'uwa zai zo ya ce nasa ne. Saboda haka muka je gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta rabon ko wane magaji, aka rubuta abin da kowa zai sa cikin gyara. Baffa ya sayar da san da ya ke turka, Goggo ta kawo awaki uku, yayata ta ba da kwasar adashinta, ni kuwa ƙarfina na sa, aka yi masa kuɗi kamar na lebura. Aka yarda cewa daga haya za a fara mayar wa kowa abin da ya zuba, sai bayan nan a shiga raba riba bisa ga rabon gado. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Muka bi sawu har Itas muka nemi takarda. Tun ran gini tun ran zane.

Sa'an nan muka kira wani tsohon magini wanda ubansa ya yi aiki a gidan tun farko. Ya zaga yana ƙwanƙwasa bango da sanda yana saurare. Inda ya ji sauti cike ya wuce, inda ya ji holoƙo ya yi zane da gawayi. Na ce masa, "Baba, mutane suna cewa mu shafe ginin duka da siminti ya yi kyan gani." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, siminti da ƙasa ba su zaman aure. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa ba ya bari ta fita. Sai ruwa ya shiga ta tsaga ya kwanta a baya, bango ya ruɓe ba ka sani ba, ran nan ka ga ɓawon ya zubo gaba ɗaya. Ginin ƙasa abokan gabansa biyu ne, ruwan da ke sauko masa a ka da ruwan da ke cin gindinsa. Ka tsare masa waɗannan, jikanka ma zai kwana a ciki."

Maganarsa tana da shaida a jiharmu. A Kafin Madaki akwai ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi tun ƙarni na 19, shi ne kuma ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa da azara. Har a Ingila, a yankin Debon, akwai gidajen ƙasa masu ɗaruruwan shekaru, mutane suna zaune ciki suna alfahari da su. Ashe ba ƙasa ce ke da laifi ba, sakaci ne.

Muka fara da kai. Aka buɗe soron da ke yoyo aka duba azara. Azara daga giginya a ke tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, shi ya sa bayan shekara sittin da ɗoriya guda tara kaɗai muka canja. Ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida sai an yi mata tallafi, don haka ne ɗakunan dā ba su da faɗi, kuma don haka ne magini ya hana a rushe bangon tsakiya don a haɗa ɗaki biyu. Maimakon mu kware rufin ƙasa mu sa kwano tsirara, sai muka bar shi yadda ya ke, kafinta ya ɗora kwano a bisansa, da tazara tsakani don iska ta ratsa, bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai don ruwa ya zuba nesa. Kun san zafin ƙasar Katagum a watan Maris da Afrilu, sa'ad da awo ke wuce 40. Ɗakin bulo mai kwano tanda ne a lokacin. Namu kuwa kaurin bango da rufin ƙasa suna tare zafin rana, mutum ya iya karatu da azahar.

Daga kai muka sauko gindi. Nan ne kaɗai siminti ya yi aiki a waje. Aka kewaye ginin da dakali na dutse da siminti, tsayinsa zuwa gwiwa, aka gyara gangaren tsakar gida, aka haƙa magudana ta fita har titi. Jikin bango kuwa yaɓe aka yi masa na jar ƙasa da ciyawa, aka bi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame. Allah ya taimake mu da wannan shawara, gama a farkon 2024, muna tsakar aiki, buhun siminti ya haura naira 10,000, ko da ya ke ga masana'antar Ashaka nan maƙwabta a jihar Gombe. Ƙasar yaɓe kuwa daga kududdufin bayan gari aka ɗebo ta a amalanke. Mutane da yawa da suka fara ginin bulo a shekarar sun tsaya a linta.

Bayan wannan sai abin da mai haya ke nema, wanda kakana bai san da shi ba. Ɗakunan dā taga ɗaya gare su, ƙarama, can sama. Aka faɗaɗa ta, aka huda ta biyu a bangon da ke fuskantarta, aka sa raga saboda sauro. Aka yi daɓen siminti, aka shafa farar ƙasa a ciki, aka sa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo ga ko wane ɗaki. Aka cike tsohuwar salga aka haƙa biyu sababbi masu murfi da bututun iska, da makewayi biyu. A darasin kiwon lafiya an koya mana kada salga ta kusanci rijiya ƙasa da mita 30. Gidanmu bai kai haka faɗi ba, saboda haka rijiyar ta zama ta wanki kaɗai, ruwan sha kuwa daga burtsatse 'yan garuwa ke kawowa. Muka sa ƙaramin farantin sola da batir, ƙwai ɗaya a ko wane ɗaki, da wurin cajin waya a zaure. Fenti shi ne na ƙarshe, ƙofofi kaɗai ya taɓa. Mutane su kan fara da fenti don shi ido ke gani, alhali shi ne bai tsare kome ba.

Akwai wani abu da ban sa cikin lissafi ba, amma ya fi kwano da siminti amfani, shi ne tsarin gidan kansa. Maƙwabta sun ji tsoro da farko, suka ce za mu kawo musu baƙin yara masu kiɗa da dare. Goggo ta ce, "Ku bar mini, 'yan mata zan ɗauka." Gidan Hausa ƙofarsa ɗaya ce, ta zaure, ba mai shiga ciki sai da sallama. Uban da ya kawo 'yarsa daga Misau ko Gamawa, in ya ga zaure, ya ga dattijuwa zaune a tsakar gida, hankalinsa ya kwanta fiye da in ya ga jerin ɗakunan bulo masu buɗewa kan titi. Baƙo iyakarsa zaure, ƙarfe tara a rufe ƙofa. An rubuta sharuɗɗan an karanta wa kowa gaban mai unguwa. Abin da a ke cewa ya tsufa, shi ya cika mana ɗakuna biyar cikin mako guda. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Kada fa wani ya karanta wannan ya zaci ba haɗari. Jarin da ya dogara ga makaranta, in makaranta ta rufe ya kwanta. A watan Maris 2020 an rufe makarantun ƙasar nan duka saboda annobar korona. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Irin wannan in ya sake faruwa, ba mai tilasta wa uba ya sabunta hayar ɗakin da 'yarsa ba ta kwana ciki. Wanda ya ci bashi mai ruwa ya yi gini, irin wannan shekara ita ke raba shi da gidan. Mu ba mu ci bashi ba, kuma ɗaki ɗayan nan da na ɗauka ya tafi a banza saboda irin wannan rana ne. Haɗari na biyu ruwa ne. Ƙasarmu ta fadama ce, kogin Jama'are yana ratsa ta. A watan Agusta 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, gidajen ƙasa da yawa kuma suka zube. Namu ya tsaya, dakali da magudana suka yi aikinsu, amma da a kwari ya ke, ba dabarar magini da za ta cece shi. Wanda kangonsu ke hanyar ruwa, kada ya zuba kuɗinsa. Na uku, in masu kuɗi suka cika gari da ɗakunan haya, farashi zai sauko, sai mai gida mai tsabta da amana ya tsira.

Akwai kuma abin da muka rasa wanda ba ya shiga littafi. An rushe rumbu biyun don a sami wurin salga. Ɗakin da aka haifi mahaifina yanzu wata yarinya ce a ciki mai karatun kimiyya, ta liƙa jadawalinta a bango, in na je sai in tsaya zaure in yi sallama kamar baƙo. Ran da aka shafe baƙin hayaƙin murhun kakata da farar ƙasa, Goggo ta juya baya ba ta kalla ba. Amma da mun ƙi taɓa gidan don ƙauna, da damina ta gama da shi, da mun sayar kuwa, da katafila ta yi haka cikin wuni ɗaya. Yanzu ana share tsakar gida da safe, ana hura wuta, darbejiya tana da masu zama ƙarƙashinta. Daga haya an fara mayar wa Baffa kuɗin sansa, ƙannena kuma ba a kore su don kuɗin makaranta ba.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a watsa mu ƙauyuka mu koyar, albashin malami kuwa kowa ya san iyakarsa. Ba ko wane gari ke da jami'a ba, amma da wuya a rasa makarantar sakandare, ko asibitin sha-ka-tafi, ko kasuwar mako, ko masu yi wa ƙasa hidima, dukansu kuwa suna neman wurin sa haƙarƙari. Mu kanmu gobe masu neman ɗaki ne. In kun je hutu, ku zaga tsohon gidanku da sanda ku ƙwanƙwasa. Ku fara tambaya, wa zai hayar, nawa zai biya. Sa'an nan ku tara magada a rubuta. Sa'an nan rufi, sa'an nan gindi, sa'an nan salga da ruwa, fenti daga baya. Ku ware na gyara tun kafin ku ci riba, kada kuma ku ci bashin da shekara ɗaya mara haya za ta karya ku. Ku nemi tsofaffin magina tun suna raye, gama sanin makuba da azara ba a littafi ya ke ba, in sun tafi da shi ya tafi.

Mu masu koyar da lissafi ne, bai kyautu ya tsaya kan allo ba. Allah ya sa abin da muka gada ya amfane mu, mu kuma mu bar wa na baya abin da ya fi wanda muka tarar, amin.